Tsakar gidanmu ce ta rage, Yaya Sani

Azumin da ya wuce ne Yaya Sani ya cika shekara tara da rasuwa. Ni ce ƙanwarsa da ta saura, ni ce kuma nake zaune a gidan gadonmu da ke kusa da Ƙofar Mazugal tun da mijina ya rasu. Na saba yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Malamin tarihi ne a sakandare, mutum mai yawan kallon ƙasa in yana tafiya, har muna tsokanarsa wai allura ta ɓace masa tun yana yaro. A bayan gidanmu akwai wani fili da muka taso muna wasa a cikinsa. Ƙasar wurin baƙa ce, cike da tsingaro da wasu duwatsu masu nauyi da ramuka a jikinsu. Mu jifa muke yi da su. Shi ya gaya mana kashin maƙera ne, wato ragowar tama da mutanen da suka riga kakanninmu zama a nan suka narka.

Da aka sayar da filin za a gina filaza, wato benen shaguna, Yaya ya rasa sukuni. Ranar da katafila ta fara haƙa, sai ga murhunan narka ƙarfe a jere, da tukwane wasu ko tsagewa ba su yi ba. Ɗan kwangila ya sa aka loda komai a tifa kafin la'asar. Mutanen unguwa ma ba su so a yi maganar ba. Wasu na tsoron hukuma ta ji ta riƙe filayen kowa, wasu na cewa kayan maguzawa ne, tona su neman fitinar iskoki ne. Yaya ya bi ofisoshi har takalminsa ya cinye, kowa ya ba shi kujera da ruwan sanyi da "za a duba". Daga ƙarshe ya bi ta filin ya dawo da rigarsa cike da tsingaro, matarsa ta yi ta faɗa a kan wanki.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne hautsina ƙasar. Ya sha yi mini bayani cewa abin da ke ƙasa ya girmi na samansa, kuma muddin aka cakuɗa, babu masanin da zai ƙara gane wa ya riga wa. Yana kwance a ciwonsa na ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Binta, ƙasar can ita ce ta shigo har tsakar gidan nan. Kar ki bari inji ya taɓa ta sai an tona da hannu."

Na ce masa to. A lokacin abu ne mai sauƙin faɗa.

Yau filazar tana nan, hawa uku, tayil na sheƙi, janareta na kuka. Ina tunanin me zai ce da ya ga ɗansa na fari, Kabiru, yana sayar da waya a shagon da ke daidai kan murhunan nan. Ina jin ba zai yi fushi ba, don da shagon ake ciyar da jikokinsa. Amma zai tsaya a bakin ƙofa yana kallon tayil, ya manta da gaisuwa.

Yanzu masu filaza suna son gidanmu, za su mai da shi wurin ajiye motoci. Magada duk sun amince, ni kaɗai na ƙi, kuma kasona bai kai ya hana cinikin ba. Kabiru ya zo ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, katangar nan ba za ta ƙara ganin damina ba. Tsingaro za mu tsare ko ke?" Gaskiya ya faɗa. An tsai da magana za a rushe bayan Babbar Sallah.

Na bi ofisoshin da Yaya ya bi. Kujerun ne kawai aka canza. Wani matashi mai kirki ya ce aikin tono yana son izini da kayan aiki, in dawo baɗi. Na fito na zauna a bakin titi na yi kuka, ni da furfurata.

Shekaranjiya na ɗauki fartanya na haƙa a gindin katanga, ina sane da cewa abin da Yaya ya tsana ke nan, tonon wanda bai san aikin ba. Ban kai kamu ɗaya ba na ci karo da wani bututun yumɓu, bakinsa a ƙone, ƙarfe ya daskare a jikinsa. Na ajiye fartanyar. Ban cire shi ba. Na kife kwano a kansa, na ɗora dutse.

Ilimin Yaya ya tafi da shi, ni alƙawarin kawai ya bar mini, kuma alƙawari ba ya karanta ƙasa. Idan a cikin masu karanta wannan akwai wanda ya iya aikin nan, ko ɗalibi ne, don girman Allah ya zo. Zan dafa masa abinci, zan ɗauke masa ƙasa da kaina. Ƙofar gidan a buɗe take har Sallah. Bayan Sallah babu ƙofar.