Rigar Sallar Musbahu

Musbahu. Musbahu ɗana. Yau dai ga shi na kira sunanka, sunan da tun da na haife ka bakina bai taɓa faɗa ba saboda kunyar ɗan fari, kullum sai dai in ce Yayansu. Na kira kuma ba ka nan balle ka amsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga waɗanda ba su ji ba, ranar Laraba da ta wuce, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ɗana a kamfanin robar da yake aiki a Sharada. Inji ne ya kama shi. Ya bar matarsa Fiddausi da yara biyu, ya bar ni, ya bar ƙaninsa Sagir, wanda yanzu haka da nake danna wayar nan yana cikin gari da wuƙa a ƙugu yana neman Ado, abokin aikin yayansa. Shi ya sa ban jira an share makoki ba. Na san ko Sagir bai ɗaga kirana ba, yana karanta abin da aka sa a waya.

Musbahu, ba zan ce waliyyi na haifa ba, Allah Yana ganina. Da ƙuruciyarka wuta ne kai. A layin neman aiki a ƙofar wani kamfani a Bompai ka fasa wa wani kai da rodi don ya shiga gabanka, ka shigo mini gida da jini har a silifas, ni na wanke. 'Yan sanda suka zo suka ja ka a ƙasa ina riƙe da ƙafarka. Da ka fito daga hannunsu ba wanda ya yi maka wa'azi, kai da kanka ka kama sallah kamar wanda ya faɗa rijiya ya sami igiya. Zuciyar ba ta tafi ba, ina ganinta a idonka, amma in ta taso sai in ga ka ɗauki buta. Na taɓa tsokanarka na ce ina dambe ya tafi, ka yi dariya ka ce, "Umma, kafin in gama shirya wa mutum mugunta an kira sallah, in na idar kuma na manta inda na tsaya."

A kamfaninku ba a kashe injin niƙa roba sai an tashi. Da ka je ka tarar mutane sai sun koma gida suke haɗa azahar da la'asar da magariba su zuba su kamar ana korarsu. Kai ka fito da karɓa-karɓa, wannan ya je ya yi sallah, na kusa da shi ya riƙe masa inji, in ya dawo shi ma ya tafi. Ka share bayan janareta, ka jera bulo, ka shimfiɗa kwali, wurin ya zama masallaci. Suna ce maka Ladan ba lasifika, kana ce musu ai kuna ji. Abokan aikinka mutanen Jigawa da na Nijar da suka zo mini gaisuwa kowa abin da yake faɗa ke nan, wani ya ce shekarunsa nawa rabonsa da la'asar a kan lokaci sai da ya haɗu da kai.

Kuma ba ka sallah da kayan aiki. Ka ce robar nan daga bola ake kwaso ta, ba ka san me ta taɓa ba. Kana da doguwar riga mai dogon hannu a leda, ka sa ka yi sallah, ka cire ka mayar, sannan ka koma kan inji da singileti. Kullum haka. Ranar Laraba ce kawai ba ka cire ba.

Lawan, mai kwashe buhu a wurinku, shi ya zauna ya ba ni labari. Aiki ya yi yawa ranar, ka yi taka la'asar a makare, ka dawo da gudu rana ta fara ja. Ado ya ce a bari kawai ya rama in an tashi. Ka ƙwace shebur daga hannunsa ka tura ƙeyarsa ka ce ya tafi. Saurin kada lokaci ya fita masa ya sa ka tsaya kan inji biyu da rigar a jikinka. Na Ado ya shaƙe, ka miƙa hannu ka tura robar, haƙoran suka kama bakin hannun rigar. Suka ja rigar, suka ja yatsu, suka ja hannun har kafaɗa. Lawan ya ce ƙarar ƙashi ya ji kafin ihunka. Kafin ya tsallaka buhunhuna ya kashe wuta, garin robar da ke zubowa ta ƙasa ya koma ja. Da almakashin yanka buhu suka yanke rigar suka zaro ka. A keke napep ka cika, kan cinyar Lawan, ba a kai asibiti ba. Abin da aka tattaro daga cikin injin a ƙyalle aka naɗe aka sa maka cikin likkafani. Ni dai fuskarka kawai aka bari na gani.

Ado da bakinsa ya faɗa a wurin makoki cewa yana cikin sallah ya ji kukan injin ya canza, ya ɗauka shaƙewar da yake yi ce kullum, ya ƙarasa raka'arsa. Bayan janareta ba a jin ihun mutum. Bai rufe baki ba Sagir ya ɗauki benci ya sauke masa a fuska. Haƙoransa biyu a kan tabarmar 'yan gaisuwa aka tsince su. Ya bi shi da ƙafa a ciki, a wuya, maza huɗu suka kasa riƙe shi, Ado ko hannu bai ɗaga ba. Malamin unguwarmu ya ce da Ado ya san rai ne, dole ya yanke sallar, amma bai sani ba, babu komai a kansa. Sagir ya ce shi ba ruwansa da fatawa.

To Sagir, da kai nake yanzu. Tun ranar Laraba goshinka bai taɓa ƙasa ba, ina lura, ko sallar gawar yayanka a gefe ka tsaya kana huci. Ka ce sallah ce ta cinye shi. Sallar nan ita ta karɓo mini shi daga hannun 'yan sanda ta ba ni shi shekara da shekaru yana ciyar da ni, yana biya maka kuɗin makaranta. Wanda ya fasa kan mutum da rodi, shi ne ya mutu yana tsare wa wani la'asar. Kai a kan me kake so ka mutu?

Ka daina zagaye Challawa da Dakata, Ado ba ya can. Ɗazu ya zo da kumburarriyar fuska ya durƙusa a gabana ya ce in yi masa duk abin da na ga dama. Na sa shi a ɗakin zaure na rufe gida, ga ni zaune a bakin ƙofar. In shi kake so ka zo, amma sai ka tsallake cikin da ya ɗauke ka. Na cika maka buta na ajiye a nan kusa da ƙafata. Ka yi alwala, ka yi raka'a huɗu a gabana, in ka sallame hannunka yana iya ɗaukar wuƙar to sai mu gani.

Ya Allah Ka jiƙan Musbahu, Ka karɓi shahadarsa, Ka mayar masa da hannunsa a Aljanna, Ka sa sallarsa ta zame masa fitila a kabari. Fiddausi 'yata, sannu, Allah Ya ba ki haƙuri Ya raya miki marayun nan a kan abin da ubansu ya tsare. 'Yan uwansa na Sharada, ina yi muku ta'aziyya, don Allah kada ku bar karɓa-karɓar nan, amma ku dinga cire rigar sallah kafin ku

Ana buga ƙofa. Hannun Sagir ne, na san bugunsa. Fiddausi ta miƙe na ce ta koma ta zauna, ni zan buɗe