Ruwan Ƙirjin Abarci Wanzami

Shekara arba'in babana Abarci yana kafa wa mutane ƙaho a kasuwar Dakoro. Daga Sabon Maci har Tagriss ana zuwa wurinsa. A ganinsa ciwo duk abin tsotsewa ne. Mu 'ya'yansa ko ciwon kai muka yi sai mu ɓoye, don mun san abin da zai biyo baya.

Da numfashi ya fara yi masa wuya, sai ya sa abokin sana'arsa Jimrau ya kafa masa ƙaho a haƙarƙari, har sau bakwai. Wata huɗu suka tafi a haka. Har yau ina jin haushin watannin nan.

A asibiti, a Yamai, hoto ya nuna ciwon daji, ga ruwa ya kewaye huhun dama. Sau biyu aka zuƙe, sau biyu ya dawo. Likita ta ce za ta zuba masa matattun ƙwayoyin cuta ta robar zuƙe ruwan da aka sa masa a ƙirji. Jiki zai tashi faɗa da su, wurin ya manne, ruwa ya rasa mazauni. Dajin ba zai warke ba, amma zai sha iska. Ta ce zazzaɓi zai zo, kada mu tsorata.

"Halimatu, mi ta ce?" in ji Baba. "Cuta za a zuba min? Ni hiddawa na sani, ɗiyata."

Bai yarda ba sai ranar da ya kasa kai ƙarshen Fatiha a zaune.

Ranar da aka zuba masa, da la'asar zazzaɓin ya zo. Gadon ƙarfen har ƙara yake yi don rawar jikinsa. Ya damƙe hannuna.

"Ɗauko min ƙaho da aska cikin zabira. Tun cutar ba ta bi jini ba."

Zabirar na ƙarƙashin kujerata. Na ce masa a Dakoro muka baro ta. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don ban san ko magani ne ke aiki ko kashe shi nake yi ba.

Ruwan bai dawo ba. Wata bakwai ya ƙara yana numfashi da kansa. Ana saura kwana biyu ya rasu, ya ce min, "Na ga igiyar zabirar ran nan. Ni ma tsoro na ji kada ki miƙo min."