Ranar da Inna ta hau turmi

Ko tsufa zai kwashe min hankali har in riƙa neman goron da ke bakina, ranar da surukata ta hau turmi tana faɗa da salula ba za ta fita daga kaina ba. Yau ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar ni ce yashe a bakin ƙofa, rai a hannun Allah.

Gidanmu a gona yake, can bayan Yekuwa, irin gidan da in ka ƙwala kira sai dai zabi su amsa maka. Daga ni sai maigidana sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Ɗiyarmu ta fari tana wajen iyayena tun yaye. Maigidan shi ne ɗan farin Inna, ita kuwa ba irin iyayen zamani ba ce. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, mutum da furfura a gemu. Ko fura za ta ba shi, dire ƙwaryar take yi ta kau da kai. Da na zo gidan har nakan ce a raina, anya tsohuwar nan tana son ɗanta kuwa?

Salular gida kuma ta taɓa faɗuwa a bakin rijiya, gilashin ya tsattsage, ko ka shafa har yatsa ya kumbura ba ta motsi. Na ce a kai ta Magariya gyara, maigidan ya ce sai kasuwa mai zuwa. Kun san kasuwa mai zuwa ta maza, ba ta ci. Da yake ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, sai ya gano cewa akwai wata murya ta mace a cikin salular, wadda ake yi wa magana ta yi aiki ba sai an taɓa gilashi ba. Ya sa mata suna Madam.

Ni ya zaunar yana yi wa bayani, amma da ƙarfi, don Inna ta ji. Ya ce, "Ba aljana ba ce. In kin danne wannan maɓallin na gefe, sai ta ɗauki muryarki ta aika ta rezo, wato sabis ɗin waya, zuwa wasu manyan injuna can nesa. Su za su mai da maganar rubutu, a duba sunayen da aka aje a cikin salular, wanda ya dace a kira shi. Hausa ce ba ta ji, sai Faransanci. Ki ce apel, wato kira, sannan ki faɗi suna."

Inna tana tsintar wake, ta ce da bango, "A gaya wa mai bayanin, macen da ke kwana a aljihun maza ba ta shiga harkata."

Shi kuwa gogan ya aje lambarsa da cikakken sunansa na yanka. Ba wanda ya yi tunanin komai. Rezo a gidanmu wuri ɗaya yake sauka, gindin rumbu, shi ma sai an kifa turmi an hau. In Inna ta zaga sai in hau in raɗa wa Madam sunan, ta kira min shi.

Ranar kasuwar Sasumbrum ce, maigidan ya ɗaura buhun wake a moto, wato babur, ya tafi da sassafe, don a lissafinmu cikina da sauran wata. Da hantsi ciwo ya turnuƙe ni, sai ga jini tun ɗa bai nuna alamar fitowa ba. Inna ta karɓi haihuwa ba iyaka, ban taɓa ganin ta firgita ba, amma ranar na ga fuskarta ta sake. Ta ce, "'Yar nan, wannan ba na gida ba ne, na likita ne." Maƙwabta duk sun tafi kasuwa, gidan da ke da mutane yana da nisa, ga gwiwarta ba lafiya, ga shi ba ta iya bari na ni kaɗai. Ni kuwa rarrafe ya kawo ni bakin ƙofa, daga nan ƙafa ta ce ba da ita ba.

Sai Inna ta ɗauki salula da gefen zane kamar mai sauke tukunya, ta kifa turmi, ta dafa rumbu ta hau da ƙyar. Ta danna maɓalli ta ce, "Salamu alaikum."

Madam ta amsa da Faransanci cewa ba ta gane ba. Na ce, "Inna, ba a yi mata sallama, ki ce apel kawai."

"Ai na ga alama, ba tarbiyya." Ta sake dannawa. "Apel yaron nan."

Madam ta yi ɗan surutunta. Inna ta dube ni, na fassara mata da ɗan abin da na tsinta a lakwal: "Ta ce ba ta san shi ba."

"Ba ta san shi ba? Wa ya sayo ta?" Ta gyara tsayuwa. "Apel maigidan nan. Apel ɗan marigayi. Apel mai jan moto, wanda ya tafi Sasumbrum da wake, dogo, mai tabo a goshi."

Wallahi ina jin azaba ina jin dariya. Duk garin nan in ka yi wannan kwatance, ko makaho ya kai ka wurinsa. Amma Madam ba ta san dangi ba, ba ta san kwatance ba, abin da aka rubuta mata kawai ta sani. Inna ta zage ta tas, ta haɗa da wanda ya ƙera ta, Madam kuma ta ci gaba da ba ta haƙuri cikin ladabi.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na aje tawa kunyar, na tattara sauran ƙarfina na faɗi sunan mijina a gaban uwarsa. Inna ta yi kamar iska ce ta wuce. A banza na yi abin kunyar ma, don muryata ba ta kai rumbu ba, Madam sai wanda ke kusa da ita take ji. Daga nan idona ya fara ganin duhu, tsoro ya kama ni na gaske. Na ce, "Inna, mutuwa zan yi."

Ta dube ni, ta dubi tabarmar da nake kai. Sai ta juya min baya, ta fuskanci rumbu, ta ja mayafi ta rufe kanta har da salular. Na ji ta ce apel, sannan ta faɗi sunan. A hankali ta faɗe shi, daki-daki, da wata murya da ban san tana da ita ba, irin wadda ake yi wa jinjiri. Ita kuwa Madam mara mutunci sai ta maimaita sunan da ƙarfi, gida duk ya ɗauka, sannan ta kira. Da ya ɗauka, Inna ta ce, "A zo da mota. Yanzu." Ta sauko ta dawo wurina.

Ya samo motar wani ɗan kasuwa aka kai ni likita, wato asibiti, a Magariya. Aka yi min aiki, aka ƙara min jini, aka ciro yaro da rai. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai a yi gaisuwa. Da 'yan barka suka tambayi Inna yadda aka yi kira, cewa ta yi, "Tari ne ya sarƙe ni, ita kuma ta yi shisshigi."

Da na farfaɗo sosai, maigidan ya zauna bakin gadona da la'asar. Ya ce, "Ke kika hau turmin?"

Na ce, "Da wace ƙafar?"

Ya ce, "To, ta faɗa ke nan." Na ɗaga kai alamar e. Ya matso kusa. "Yaya ta faɗa? Don Allah faɗa min yadda ta faɗa."

Na ce, "Haba Malam, ni ma fa da tawa kunyar." Na yi dariya har ɗinki ya ja ni, na juyo sai na ga ƙaton mutum yana share ido da hula. Tausayinsa ya kama ni. Har Inna ta koma ga Allah bai taɓa ji da kunnensa ba. Daga ni sai salula mai fasasshen gilashi muka ji.

Tun daga ranar na daina auna ƙauna da abin da baki ya furta, don na zauna da matar da ta riƙe suna ɗaya a cikinta tsawon rayuwa, ba ta fiddo shi ba sai don ta ceci raina da na jikanta. Kuma ku masu saya wa tsofaffi salula, ku aje lambarku da sunan da bakinsu zai iya faɗa. Inji ba ya kunya, kuma ba ya jiran mai kunya.