Kwalbar Turaren Baba

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Funtua, ni da ƙanena, shi ke tuƙi, ni kuma na rungume wata ƙatuwar leda a cinya. Ranar Juma'a ce, kuma Ƙarfi muka nufa wajen mahaifinmu.

Bari in faɗa muku abin da ya fito da mu. Baba tsoho ne mai tsafta, irin wanda ko gona ya je sai ya dawo ya yi wanka ya sa farar riga kafin ya fita majalisa. Gemunsa kullum ja da lalle, idonsa da kwalli, in ya wuce ka san ya wuce saboda ƙamshi. To Allah ya yi wa Innarmu rasuwa bara, shi kuma ya kwanta ciwo da damina. Ya warke sarai, amma ya daina fita. Gwaggo, ƙanwarsa da ke kula da shi, ta kira ni a waya ta ce Juma'a shida ke nan bai je masallaci ba, wai ya ce ba zai shiga sahu yana warin ciwo ba. Wannan magana ta tsaya min a rai. Na rantse a zuciyata cewa wannan Juma'ar sai Baba ya fita.

Don haka ranar Alhamis na shiga wani babban kanti a Funtua na yi sayayya irin ta 'yan birni: kilifar aski mai amfani da wuta, turaren fesawa, man shafawa mai ƙamshin furanni, buroshi da man goge baki, har da baƙin rini na gashi. Kaya sun yi tsada, amma ban ko ji zafi ba. Ina ta yaba wa kaina, ina cewa 'ya ta gari ke nan.

Hanya lafiya lau, sai ramuka nan da can waɗanda ƙanena ya san su kamar ɗakinsa, amma duk da haka sai ya faɗa biyu. Kaka ta yi kyau bana. Masara a shanye a bakin titi, auduga ta fashe fari fat, masu babura suna ta wucewa da buhunan waken suya, wani har uku ya ɗora, shi kansa a kan tanki yake zaune. A Bakori muka tsaya muka sayi ƙosai mai zafi da koko. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, na ce wa mai tuyar ko wake ne ya yi yaji, ta yi dariya ta ƙara min biyu.

Rana ta ɗan ɗaga muka isa Ƙarfi. Mun tarar da Baba a zaure a kan buzunsa, ya rame kaɗan, gemun nan ya koma fari tas, ƙafafunsa duk kaushi da faso. Bayan gaisuwa na zazzage ledar a gabansa ina jiran yabo. Ya ɗauki kilifa ya juya ta, ya ce, “Uwata, wannan da wace wutar?” Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ɗauki turaren fesawa, ya ce an ce irin wannan akwai barasa a ciki, shi ba zai yi salla da shakka ba. Man shafawar ya shinshina ya miƙa wa Gwaggo, ya ce na amare ne. Buroshi kuma ya ce dasashinsa jini yake yi. Da ya zo kan rinin nan sai ya daɗe yana kallon hoton saurayin da ke jikin kwalin.

“In mai da furfurata baƙa in ruɗi wa? Duk garin nan an san shekaruna. Malamai ma lalle suka yarda da shi, ba baƙi ba. Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari.”

Wallahi kunya ta kama ni. Ƙanena kuwa ya juya baya yana dariya ƙasa-ƙasa, na dalla masa harara.

Gwaggo ce ta ja ni ɗaki ta warware min. Shekara arba'in da wani abu Baba bai taɓa sayen ko sabulu da hannunsa ba. Inna ce ke sayo komai a Malumfashi, ita ke kwaɓa masa lalle duk Alhamis, ita ta san turarensa. Babu wanda ya taɓa tambayarta sunan turaren. Sai Gwaggo ta ɗaga filon Baba ta zaro wata 'yar ƙaramar kwalba, ba takarda a jikinta, ba ko ɗigo a ciki. Ta ce tun da ya ƙare yake ajiye da ita. Na jefa kwalbar a jaka, na ce wa ƙanena ya tada mota.

Malumfashi ba nisa. Mun shiga kasuwa ana ta buɗe rumfuna, masu rake da dankali sun tare bakin hanya, 'yan acaɓa suna ta hon kamar an biya su. Wannan karon ban yi gaban kaina ba, duk rumfar da na tsaya sai in ce na tsoho nake nema. Wata mata mai sabulun salo ta ce fatar tsoho bushewa take yi, kada in ba shi sabulu mai kaifi, ta zaɓo min mai laushi da man kaɗanya na asali, wanda in ka murza yake narkewa a hannu. Mai asuwaki ya ce in bar masu kauri, ya ware min sirara ɗanyu, ya ce a jiƙa bakin kafin a tauna. Na sayi dutsen goge kaushi, da sabon almakashi, da kwalli, da garin lalle kore shar, da lemun tsami. Duka kayan nan ba su kai tsadar kilifar nan ita kaɗai ba, abin da ƙanena bai gaji da tuna min ba.

Saura turare. Rumfa uku muka shiga, kowa ya shinshina kwalbar ya girgiza kai, ɗaya ma ya so ya lallaɓa ni da wani daban. Ƙarfe goma ta wuce, hankalina ya fara tashi. Sai aka kwatanta mana wani dattijo a can ƙarshen layi, mai 'yan kwalabe jere a akwatin gilashi. Na gaishe shi na miƙa masa. Ya buɗe, ya kai hanci, ya rufe ido.

“Hajiya, ina kika samo wannan? Ai ba a sayar da shi, haɗi ne. Miski kashi biyu, sandal kashi ɗaya. Wata dattijuwa 'yar Ƙarfi ce kaɗai ke sa ni in haɗa mata, ta ce na maigidanta ne. Na kwana biyu ban gan ta ba, lafiya dai?”

Na ce, “Malam, mahaifiyata ce. Ta rasu bara.”

Ya yi salati, ya yi mata addu'a mai tsawo, ni kuwa hawaye suka zubo min a tsakiyar kasuwa ban damu da masu kallo ba. Ya haɗa turaren a cikin tsohuwar kwalbar, ya ce kada a canza ta, tsoho da kwalbarsa ya saba.

Sha ɗaya da 'yan mintoci muka koma Ƙarfi. Gwaggo ta kwaɓa lalle da lemun tsami, aka aika aka kira wanzami ya gyara wa Baba gemu da saje da sabuwar reza. Baba yana ta cewa mu bar wahalar da kanmu, amma bai hana ba. Ƙanena ne ya shafa masa lallen, da hannu tsirara, duk da Gwaggo ta ce ya sa leda. Yanzu haka yatsunsa jajaye ne kamar na amarya, kuma ranar Litinin yana da ofis.

Da lalle ya kama, Baba ya yi wanka da sabulun salo, aka goge kaushi aka shafa man kaɗanya, ya sa kwalli, ya zura farar rigarsa. Ya fito tsakar gida ya tsaya, har yanzu da ɗan nauyin jiki, yana cewa rana ta yi zafi, wataƙila sai mako mai zuwa. Sai na durƙusa na miƙa masa kwalbar. Ya gane ta, ya dube ni, ya buɗe. Ya kai ta hancinsa ya shaƙa. Sannan ya ɗiga a tafin hannu, ya murza, ya shafa a gemu da wuyan riga, kamar yadda na saba gani tun ina yarinya.

Ya ce wa ƙanena, “Kai, miƙo min sandata. Za mu rasa sahun gaba.”

Ni da Gwaggo muka leƙa ta ƙofar zaure muna kallonsu. Kafin ya kai kwana mutum huɗu sun tare shi da gaisuwa, wani tsoho abokinsa yana ɗaga murya yana cewa ango ya fito. Na yi dariya, na yi kuka, duk a lokaci guda.

Bayan la'asar muka kamo hanyar gida da buhun masara da Baba ya tilasta mana, da ledar kayan kantin nan ba abin da ya ragu sai man amare da Gwaggo ta riƙe. Ƙanena ya gaje turaren fesawa, maigidana ya samu kilifa, rinin kuwa har yau ba wanda ya yarda nasa ne. Mun shigo Funtua ana kiran magariba.

Abin da na koyo shi ne, in za ku saya wa tsoho kayan gyaran jiki, ku fara tambayar abin da ya saba da shi, ku duba fatarsa da haƙoransa da abin da zuciyarsa ta natsu da shi wajen salla. Kuma ku tambayi iyayenku mata tun suna raye, don akwai hidimar da suke yi shiru wadda ba a ganinta sai ba su. Na rubuta haɗin a takarda na ajiye: miski biyu, sandal ɗaya. Mayafin da na sa ranar nan kuwa ban wanke shi ba tukuna, don har yanzu ƙamshin turaren yana jikinsa.