Adda Fanta, Mai Rikita Mana Kwanuka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, 12 ga Disamba, 2024, ina tsakar gida ina tsince wake, Munzali ya kira ni a waya ya shaida mini cewa mahaifiyarsa, Hajiya Fanta Maharazu, ta rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, wanda ita kanta ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. An yi mata sutura bayan azahar a nan Rano. Mu da muka zauna da ita Adda Fanta muke ce mata, yadda danginta Fulanin Kibiya suke kiran babbar yaya.

Adda Fanta, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ambaci Walimar Kaka. Ke kika ƙirƙiro ta shekarar da famfon unguwarmu ya lalace. Kika ce ba za ki bi gida-gida kina roƙo ba, a dafa abinci a zauna a ci, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa a cikin daro. Daga nan ta zama al'ada: in an gama girbi, shekara guda a Rano, shekara guda a Kibiya, maza a rumfa a waje, mu mata a filin makarantar firamare. Da wannan daron aka gyara famfon, aka sayi katifu a ɗakin haihuwa, aka biya wa marayu kuɗin jarrabawa. Ɗaya daga cikinsu yau ungozoma ce. Ina faɗin haka da alfahari, domin mata ne muka yi shi, da tukwanenmu. Duk da haka, a shekarunki biyu na ƙarshe ba ki ji daɗin walimar yadda kika saba ba, saboda ƙawarmu Saude ta daina zuwa, kuma kin ɗauki alwashin sai kin fito da ita daga ɗaka.

Kafin in zo kan Saude, bari in faɗi abin da kowa ya sani amma ake jin nauyin faɗa a gidan makoki. Ba ki iya tuƙa tuwo ba. Naki kullum da gudaji, mun faɗa miki har mun gaji. A fura da nono kam ba mai kama ƙafarki. Kuma kin fi son taron a kan abin da ake tarawa. Tun bayan la'asar kina yawo daga tabarma zuwa tabarma, ki ɗanɗani dambun wannan, ki kushe miyar taushen waccan, ki tambayi tsohuwa daga Madachi lafiyar gwiwarta, ki sa amarya mai kunya dariya har sai ta rufe fuska. Ba a taɓa zuwa walimarki a zauna shiru ba.

Sai maganar kwanuka. Kowane gida yana aiko da abinci a cikin kwanonsa, ke kuma kike raba su bayan an wanke. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, ina son kowane abu a muhallinsa, don haka na sa jan farce na rubuta sunana a gindin sabuwar kulata. Aka tashi, aka miƙo mini wata langa mai tsatsa. Kulata kuwa, wai tana Zurgu. Na same ki raina a ɓace, kika dube ni kika ce, "Ayya Rahma, kaina ne ya ɗauki zafi. Ki je ki karɓo mana, ai Zurgu ba Makka ba ce."

Na hau acaɓa ina ta mita har Zurgu, ƙofar gidan Tani wadda aka ba kulata, matar da ban taɓa gani ba sai a wurin walima. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka yi hira har rana ta yi sanyi, ta cika mini kular da gyaɗa, domin ba a mayar da kwano haka nan. Ni ma na ji kunyar langar da na kawo mata babu komai a ciki, sai da na sake komawa. Yau Tani aminiyata ce. Sai a shekara ta biyu, da kowa ya sake samun kwanon wani, muka gane da gangan kike yi. Walimar yini ɗaya ce, amma sai a shafe wata guda mata suna zirga-zirga tsakanin Rano da Kibiya da ƙauyuka, kowace da kwanon 'yar'uwarta a ka. Mazajenmu sun yi ƙorafin kuɗin mota har sun haƙura.

Saude ta Rurum Tsohon Gari ita ce mai wainar walima tun farko. Wainarta ake fara cinyewa. Da ɗanta tilo, Tajuddeen, ya rasu a haɗarin babur, sai ta kife tanda ta rufe ƙofa. Ba biki, ba suna, ba kasuwa. Mun je mun yi mata nasiha, malamai sun yi, ta kan saurara ta yi godiya, amma ba ta fita. Ta rame ƙwarai. Wasunmu suka ce a ƙyale ta da Allah. Ke kika ƙi. Kin ce mini in ta ƙara shekara guda a wannan ɗakin, gawarta za a fito da ita.

A walimar bana da aka yi a Kibiya, kika yi abin da ya ba mu mamaki. Kina da baƙin akushi na mahaifiyarki, wanda ko 'ya'yanki ba sa taɓawa. Kika cika shi da dambu da nama, kika ba direban da zai bi ta Rurum, kika ce ya faɗa wa Saude, "Akushin Innata ne. Kada ta aiko yaro da shi, kada ta ba direba. Ita nake so ta kawo mini da ƙafarta."

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, Saude ba ta zo ba. Ranar da na je duba ki kina kwance, abin da kika fara tambayata shi ne ko na ji labarinta. Na ce a'a. Kika ce za ta zo, Saude ba ta riƙe kayan mutane. Ba ki ga zuwanta ba, kuma wannan yana yi mini ciwo har yanzu.

Ranar sadakar uku gidanki ya cika. Mata suka yi ta shigowa da abinci, rabinsu a cikin kwanukan da ba nasu ba, ana kuka ana musaya. Muna zaune sai muka ji sallama a hankali. Saude ce, da akushin a hannu, an rufe shi da faifai. 'Yarki Fatima Zahra'u ta buɗe, waina ce cike, da sauran ɗuminta. Saude ta durƙusa ta ce, "Ta ce in kawo da ƙafata. Ga shi na kawo, amma na makara."

Fatima Zahra'u ta juye wainar aka raba wa masu gaisuwa, ta wanke akushin, ta zuba gumbar sadaka a ciki, ta mayar wa Saude. Ta ce, "Inna Saude, ki riƙe shi tukuna. Walimar baɗi a Rano za a yi, a nan za ki kawo mana." Saude ta karɓa. Ba ta koma gida ranar ba. Ta kwana biyu tare da mu, har na ji ta tana yi wa masu girki faɗa a kan sun cika gishiri. Adda Fanta, kin fito da ita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Alhaji Maharazu, da 'ya'yanta Munzali da Fatima Zahra'u da Amiru, da danginta na Kibiya, da duk matan Walimar Kaka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Ya Allah, baiwarKa Fanta ta ciyar da mutane, ta sada zumunci, ta ƙi barin mai baƙin ciki ita kaɗai. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.