Baitocin da Probal-da Ya Yi wa Jhumur

Shekara ashirin da biyu muna tebur ɗaya da Probal Hajra, wanda muke kira Probal-da don girmamawa, a gidan jarida a Kolkata, amma ko waƙarsa ɗaya ban taɓa ganewa ba. Da safe shi ke rubuta farashin kifi da labarin famfon da ya fashe, tsaf, kamar mai hankali. Da la'asar kuwa, in mun zauna shan shayi a Titin Kwaleji, matattarar marubuta, sai ya zaro takarda: kalma uku a sama, fili fetal, can ƙasa lambar motar haya.

"Probal-da, ina waƙar take?"

"Tana cikin filin. Kai dai je ka ci kifinka."

Ƙafiya ce abin da ya tsana a duniya. Ya sha rubutawa a 'yar mujallarsa cewa mai haɗa baiti da baiti tela ne. Shi da Nitai Samanta, mai waƙa irin ta da, sun yi shekara goma suna zagin juna a kan haka.

Kwatsam sai ga auren Jhumur, 'yarsa tilo. Mu in za a yi aure, ana buga 'yar takarda ruwan hoda mai baitoci da muryar kowane dangi, a raba wa baƙi. Na kaka da na kawunnai duk an samu, saura na uwa, ita kuwa ta shekara tara da rasuwa.

Jhumur ta ce, "Baba, kai za ka rubuta, da muryar Ma."

Ya kai mata irin nasa, rabin shafi ba komai. Ta duba ta miƙa masa abinsa.

"Yaushe Ma ta taɓa yin shiru haka?"

Mako guda bawan Allahn nan yana zaga ofis kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. In ya yi ƙafiya, sunansa ya zube a Titin Kwaleji. In bai yi ba, yarinya ta tafi gidan miji ba kalmar uwa. Wallahi ya ba ni tausayi, duk da na sha dariya.

Ranar biki aka raba takardu. Nitai ya cafki ɗaya, ya haye kujera ya hau karantawa da murya mai tsokana:

"Kada ki cika wa kifi mai a miya,
ki riƙe lema in za ki tafiya."

Aka kwashe da dariya. Ya gyara murya ya ci gaba:

"Ki dinga yi wa babanki waya,
ba ya cin abinci sai an yi masa tsiya."

Nan Nitai ya bar tsokana, don shi ma ya sha cin shinkafar marigayiyar da faɗanta. Ya sauko a hankali.

"Kai ka rubuta wannan, Probal?"

Probal-da ya goge tabarau da bakin riga.

"Cewa na yi uwar Jhumur ta ba ni layi biyu. Ka dai san ta, sai da na ƙwace biron."