Sunan da Ba Mu Goge Ba

Ni ba na cikin masu zagin boko, da shi na ci abinci har na yi furfura. Amma akwai abin da muka aikata a makarantar da na fara koyarwa, a wani ƙauye na ƙasar Kiru kusa da Ɗansoshiya, wanda har yau na kasa mantawa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Malamai biyu ne mu, ni da hedimasta, yaran kuma ba su taka kara sun karya ba. Da damina suna gona, da rani iyayensu su kwashe su zuwa noman rani a Tiga. Sai aka aiko daga ofis cewa duk makarantar da ba ta da yara za a rufe ta. Hedimasta mutum ne da dabara ba ta ƙare masa. Duk ranar da muka ji mai duba makarantu na tafe, sai ya tura ni rugar da ke hayin rafi in aro yara. Kowane a ba shi sunan wani ɗalibi da bai zo ba, a koya masa ya amsa in an kira.

A shekarar ce ƙyanda ta kashe wata yarinya 'yar aji uku. Mahaifiyarta ce ke soya ƙosai a gindin ɗorawar da ke bakin makaranta. Bayan sadakar bakwai na ɗauki biro zan soke sunan daga rajista, hedimasta ya riƙe mini hannu.

"Malam, duk sunan da ka soke, tubali ka zare daga ginin nan. Bar ta, ai ba ta tare wa kowa wuri ba."

Na bar ta. Sabon malami ne ni, kuma matsoraci, gara in faɗa da bakina.

Da mai duba makarantu ya sake zuwa, sunan marigayiyar ya faɗa kan wata siririyar yarinya daga ruga. Baƙo ya tafi, 'yan aro suka koma ga shanunsu. Washegari sai ga yarinyar nan ita kaɗai, ta zauna inda aka zaunar da ita jiya. Na kira sunan don in ga abin da za ta yi, ta amsa. Ajinmu ba shi da ƙyauren taga, komai ana ji daga waje. Na ga hannun mai ƙosai ya tsaya cak a kan kasko.

Na jira ta zo ta tsine mini, ba ta zo ba. Kullum da safe in kira, yarinya ta amsa, uwar tana ji. In an fita tara sai ta ƙara mata ƙosai biyu ba tare da ta dubi fuskarta ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi, shirun nan ya hana ni sakewa shekara uku.

Yarinyar kuwa kai gare ta kamar me. Mahaifinta yakan bar ta wurin kakarta in sun tafi kiwo, shi a zatonsa al'adar boko ce a ba yaro sabon suna, kamar yadda ake ba shi yunifom. Ta ci jarrabawar shiga sakandare, takarda ta zo daga makarantar kwana ta 'yan mata, ɗauke da sunan marigayiya da na ubanta. Ana son iyaye su dangwala hannu. Hedimasta ya ce ni na san bakin zaren, ni zan kai.

Na kai gidan mai ƙosai, mijinta ya ce maganar ta uwar ce. Ta fito zaure, na karanta mata. 

"Ba zan tare mata hanya ba, Malam. Ta tafi, Allah ya ba da sa'a. Amma in wani abu ya same ta a can, gidan wa za a zo?"

Na ce in Allah ya yarda ba abin da zai faru.

"Gidana za a zo," in ji ta, ta miƙo babban yatsanta.

A shekarar yarinyar ta biyu a can, cikin tsananin zafin bazara, sanƙarau ya shiga makarantar. Wata rana da hantsi motar makarantar ta tsaya a ƙofarmu, direba ya ciro takarda yana tambayar gidan iyayen wance. Mutanen ruga, har da kakarta, sun yi kudu da shanu wajen Doguwa, ba wanda ya san inda suka sauka. Kafin in buɗe baki, mai ƙosai ta sauke kasko, ta yafa mayafinta, ta shiga mota. Ba ta same ta da rai ba. Ita ta yi mata wanka, a gidanta aka yi zaman makoki, karo na biyu da suna ɗaya.

Mutanen gari suka ce ba mai kai wa ruga labari sai wanda ya aro ta. Na yi ta addu'a kada damina ta sauka da wuri.

Ruwa ya sauka, suka dawo. Kwana ɗaya da saukarsu, ina cikin aji, sai ga mahaifiyar yarinyar ta asali a bakin taga da ƙwaryar nono a ka. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali. 'Yar fari ce, kunya ba za ta bar ta ta ambace ta ba. Ta kau da kai gefe, tana gyara ƙwaryar.

"Malam, 'yan makarantar nan na birni, yaushe ake ba su hutu?"